Kifi da Ƙwaƙwalwar Yaro: Abin da Ya Haɗa Ni da Yayata a Kicin

A watan jiya na yi alkawarin ci gaba da maganar gishiri da hawan jini, amma wani abu ya faru a gidan yayata da ya sa na ɗage wancan zuwa gaba. A yi mini afuwa.

Da muka sami hutun ƙarshen zango na bar Biristol na tafi Bamingham wajen Yaya. Cikinta wata shida, ga ɗanta ɗan shekara biyar, ga aiki, maigidanta kuma aikin dare yake yi. Na ce bari in je in rage mata hidima ko ta mako ɗaya ce. Kafin in ƙarasa gidan na biya ta shagon 'yan Afirka na sayi titus manya guda huɗu, da niyyar in yi mana miya irin wadda Hajiyarmu ke yi a Yawuri. Ina buɗe ledar, Yaya ta ja da baya.

"Auta, mayar da shi firiza. Ni da kifi sai bayan na sauka."

Na ce, "Yaya, ƙarnin ne ke tayar miki da zuciya?"

Ta ce, "Ina ruwana da ƙarni, ni da na tashi a bakin ruwa? Ran da na fara zuwa awo aka ba ni wata takarda, an rubuta cewa kifi na da guba mai taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Ba zan iya haddace wanne ne mai kyau wanne ne marar kyau ba, shi ya sa na haƙura da shi gaba ɗaya."

A saman firij kuma ga robobi biyu na alawar man kifi da take saya wa yaron duk wata, don wata 'yar uwa ta ce mata tun da ta fara ba ɗanta ya zama na ɗaya a aji. Shi kuwa yaron, in ka cire ɗan soyayyen kifin da ake ba su a makaranta ranar Juma'a, bai san ɗanɗanon kifi ba.

Na nemi takardar ta ɗauko mini. Abin da ke ciki shi ne mai ciki ta guji nau'in kifi uku, ta rage tuna, sauran kuma ta ci sau biyu a mako. Yaya ta riƙe hanin, ta tsallake umarnin. Ni kuma maimakon in bi ta a hankali, sai na buɗe mata lacca kamar ina gaban malamaina. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, "Ke da ba ki taɓa ɗaukar ciki ba, ai magana ba ta yi miki wuya." Ranar dai taliya da kaza muka ci, kowa fuska a ɗaure.

Da na kwanta na ga tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Uwa ce da aka gaya wa akwai abin da zai iya cutar da ɗan da ke cikinta, a ƙasar da ba ta da uwa ko gwaggo kusa da za ta tambaya. Tsoronta yana da tushe. Don haka abin da ya kamata in faɗa mata a natse, shi zan rubuta a nan, saboda na san ba ita kaɗai ba ce.

Me ke cikin kifin?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana yin mafi saurin girmanta ne daga watanni ukun ƙarshe na ciki zuwa shekara biyu, kuma kafin yaro ya kai shekara shida girmanta ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na ta babba. Cikin kayan da ake gina ta da su akwai wani mai da ake kira DHA, ɗaya daga cikin dangin omega-3. Ana samunsa da yawa a ƙwaƙwalwa da kuma fatar bayan ido mai karɓar haske. Jiki na iya haɗa shi daga man tsirrai, amma kaɗan ƙwarai. Jaririn da ke ciki daga jinin uwa yake samu, wanda aka haifa kuma daga nononta, kuma yawan DHA ɗin da ke cikin nono yana bin abin da uwar ke ci. Inda ya fi taruwa shi ne kifi mai maiƙo: titus, shawa, sadin, salmon da ire-irensu.

Abu na biyu shi ne ayodin, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo. Da shi jiki ke haɗa sinadaran da ke tafiyar da ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A nan akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. A Najeriya tun farkon shekarun 1990 doka ta tilasta a sa ayodin a gishirin girki, don haka muna samunsa ko ba mu nema ba. A Ingila babu wannan dokar, kuma yawancin gishirin da ke kantuna ba shi da shi. Mutanen nan daga madara da farin kifin teku irin su cod da haddock suke samun nasu. Matar da ta zo daga Kano ko Zariya, ba ta cika shan madara ba, ga shi ta daina cin kifi, ta rufe ƙofofin biyu ba ta sani ba.

Sai bitamin D, wanda fata ke haɗawa daga hasken rana. Mu masu baƙar fata, musamman masu rufe jiki, a ƙasar da daga Oktoba zuwa Maris ranarta ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta haɗa shi, muna cikin waɗanda suka fi fuskantar ƙarancinsa. Kifi mai maiƙo na cikin 'yan abincin da ke ɗauke da shi, ko da yake shi kaɗai ba ya wadatarwa, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS ke cewa a riƙa shan maikrogiram 10 a kullum. Bayan waɗannan akwai furotin, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam ga kifin da ake ci har ƙashi.

Abin da bincike ya gano, da inda ya tsaya

Garin da nake karatu ya yi suna a wannan fagen. A 1991 da 1992 masana a Jami'ar Biristol suka ɗauki mata masu ciki kusan 14,000 a yankin, suka ci gaba da bibiyarsu da 'ya'yansu har yau. A 2007 Joseph Hibbeln da Jean Golding da abokan aikinsu suka fitar da sakamako a mujallar Lancet a kan mata 11,875 da aka tambaya abin da suke ci a mako na 32 na ciki. A lokacin hukumomin Amurka na shawartar masu ciki kada su wuce giram 340 na abincin teku a mako. Abin da aka gani ya ba mutane mamaki: 'ya'yan matan da suka ci ƙasa da giram 340, musamman waɗanda ba su ci ko kaɗan ba, sun fi faɗawa rukunin ƙasa a gwajin basirar harshe da suka kai shekara takwas. Ba a ga alamar cewa ƙaurace wa kifi ya kare yaran daga wani abu ba. A 2013 kuma aka auna fitsarin da mata 1,040 daga cikinsu suka bayar tun suna da ƙaramin ciki, aka tarar kusan biyu cikin uku ba su da isasshen ayodin, kuma 'ya'yansu sun fi samun ƙarancin maki a basirar harshe da karatu.

A ƙasar Sin ma, Jianghong Liu ta Jami'ar Pensilbaniya ta bibiyi yara 541 a garin Jintan. Waɗanda ke cin kifi aƙalla sau ɗaya a mako sun fi waɗanda ba sa ci da maki 4.8 a gwajin basira suna shekara 12, kuma barcinsu ya fi daidaita. An buga wannan a 2017, jaridu kuma suka yi ta yayata shi.

To a nan ne ɗalibar da ke cikina za ta ce a dakata. Irin waɗannan binciken kallo suke yi, ba su ne suka raba wa mutane abinci ba. A Ingila gidan da ake yawan dafa kifi sau da yawa shi ne gidan da uwa ta yi karatu mai zurfi, akwai abin hannu, akwai littattafai, ba a shan taba. Masu binciken Biristol sun yi ƙoƙarin cire tasirin abubuwa 28 irin waɗannan a lissafinsu, bambancin bai ɓace ba. Duk da haka lissafi ba ya iya share komai. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan kifi, a ba waɗancan nama, a ga abin da zai faru.

An yi hakan a garin Bergen na ƙasar Norwe. Yara 232 'yan shekara huɗu zuwa shida a makarantun reno, rabi ana ba su shawa ko titus, rabi nama, sau uku a mako har mako 16. Da sakamakon ya fito a 2018, dukkan rukunan biyu sun ƙaru a gwajin, kuma babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Sai da aka duba yawan abin da kowane yaro ya cinye da gaske, sannan aka ga masu cinye kifinsu sun ɗan yi gaba. Ma'ana akwai alamar amfani, amma ƙarami ne, kuma kifin da aka bari a faranti ba ya yi wa kowa aiki.

Man kifi na kwalba fa? A Ostireliya an ba mata masu ciki 2,399 ko dai ƙwayar DHA miligiram 800 a kullum, ko ƙwayar man tsirrai. Aka gwada 'ya'yansu suna wata 18, aka sake suna shekara huɗu, aka sake suna shekara bakwai. Ba a ga 'ya'yan masu shan DHA sun fi sauran basira ba. Inda ƙwayoyin omega-3 suka nuna amfani a gwaje-gwaje da dama shi ne rage haihuwar bakwaini, wannan kuma magana ce tsakanin mai ciki da likitanta. Amma alawar da Yaya ke saya don yaro ya zo na ɗaya, ban ga hujjar da ta kai kuɗin ba. Da kuɗin roba ɗaya za ta sayi gwangwanin sadin da zai kai su wata guda.

Abin da na fahimta daga duka wannan shi ne, hujjar ta fi ƙarfi a kan uwa mai ciki da mai shayarwa fiye da yaron da ya riga ya shiga makaranta. Kifi abinci ne mai kyau da ke cike gurabe da yawa lokaci guda, kuma amfaninsa ya fi bayyana ga wanda dama yake da ƙaranci. Ba laya ba ce ta cin jarrabawa. Yaron da ba ya samun barci, ba a hira da shi, ba a buɗe masa littafi, ko buhun kifi ya cinye sai a hankali.

Gubar da Yaya ke tsoro

Gubar gaskiya ce, sunanta zaiba, wadda Turawa ke kira makuri. A 1956 aka fara gane wata cuta a garin Minamata na ƙasar Japan, inda masana'antar kamfanin Chisso ta daɗe tana zubar da dagwalo mai zaiba a teku. Kifi ya ɗauka, mutane suka ci. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matan da su kansu ba su nuna wata alama mai tsanani ba sun haifi 'ya'ya masu mummunar naƙasar ƙwaƙwalwa, domin gubar tana ratsa mahaifa. Da sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta rage zaiba da aka rattaba wa hannu a 2013.

Bayan Minamata tambayar da ta rage ita ce: ɗan abin da ke cikin kifin yau da kullum fa? Wurare biyu aka je neman amsa. A tsibiran Faro da ke arewacin Tekun Atlantika an bibiyi yara 1,022 da aka haifa a 1986 da 1987. Da suka kai shekara bakwai, waɗanda suka fi samun zaiba tun suna ciki sun ɗan yi ƙasa a harshe, da natsuwa, da riƙe abu a ka. Amma mutanen Faro yawancin zaibarsu daga naman wata babbar dabbar teku suke samu, dangin wel, wadda ke tara wasu gubobin ma a kitsenta. A tsibiran Seshels kuwa, gabas da Afirka, an bibiyi yara 779 waɗanda iyayensu mata ke cin kifin teku kusan sau 12 a mako. An bi su har suka girma, ba a sami wata tabbatacciyar illa ga basirarsu ba.

Sirrin yana cikin yadda zaiba ke taruwa. Ƙananan halittun ruwa ne ke fara ɗaukarta, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, wanda ya fi shi ya cinye shi. Ba ta fita da sauri, don haka duk wanda ya fi girma, ya fi daɗewa a duniya, ya fi farauta, shi ya fi tara ta. Tana cikin tsokar ne, wanki ko suya ko banda ba sa cire ta. Sadin da shawa da titus ƙanana ne, shi ya sa nasu kaɗan ne. Ga wadda ba ta son haddace sunaye kamar Yaya, dokar a taƙaice ita ce: kifin da zai shiga tukunyarki ɗungurungum ya fi wanda sai an yanka shi gunduwa-gunduwa kamar sa.

Wanne, kuma nawa?

Ga waɗanda ke Birtaniya, da sunayen da za ku gani a jikin leda: mai ciki, da mai neman ciki, da yaro ƙasa da shekara 16, su guji shark da swordfish da marlin. Mai ciki kada ta wuce yanka biyu na ɗanyen tuna ko matsakaitan gwangwani huɗu a mako. Ana son kowa ya ci kifi sau biyu a mako, kowane ci kamar giram 140 ga babba, ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo. Mai ciki da mai shayarwa da 'yan mata kada su wuce sau biyu na mai maiƙon, saboda wasu gurɓatattun sinadarai da ke taruwa a kitsen kifi. Tuna ba ya cikin lissafin mai maiƙo. Kyafaffen salmon ɗin nan mai sanyi da ake ci ba dafuwa, mai ciki ta dafa shi ya yi zafi sosai kafin ta ci.

A Amurka hukumar FDA ta ce mai ciki ta ci giram 227 zuwa 340 a mako daga cikin masu ƙarancin zaiba. Yara kuma sau biyu a mako: ɗan shekara ɗaya zuwa uku kamar giram 28 a kowane ci, huɗu zuwa bakwai ninkin haka, takwas zuwa goma kamar giram 85. A kula da wani tarko: titus ɗinmu shi ne Atlantic mackerel, yana cikin mafi kyau, amma king mackerel yana cikin waɗanda aka hana. Suna ɗaya ne a rabi, kifin daban. 'Yan uwa da ke Jidda da Makka da Riyad, kan'ad ɗin da ake ji da shi a can ɗan gidan su king mackerel ne, babban mafarauci, don haka mai ciki da ƙananan yara su fi karkata ga sadin da sauran ƙanana.

Kifinmu na gida fa? Tarwaɗa da karfasa, wadda 'yan Sudan ke kira bulɗi, zaibarsu kaɗan ce kuma furotin ɗinsu mai kyau ne, sai dai omega-3 ɗinsu bai kai na titus da shawa ba, kifin kogi kuma ba shi da ayodin kamar na teku. A riƙa cakuɗawa. Giwan ruwa babba mafarauci ne, a bar wa manya maza kaso mafi tsoka. Wannan ya ƙara muhimmanci a yankunan da ake haƙar zinariya da zaiba, kamar wasu sassan Gana da Sudan da arewacin Najeriya, domin abin da aka wanke a rami a kogi yake ƙarewa.

Wanda na fi so in tallata shi ne wanda muka fi rainawa. A Yawuri akwai 'yan mitsi-mitsin kifin da ake kamawa a tafkin Kainji a shanya, muna ce musu warangi. Muna yara kallon abincin marasa hali muke yi musu. Wata ƙawata 'yar zangon Nima a Ankara ta ce su ma suna da irinsu na teku, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, kuma iyaye mata kan daka su a zuba gari a kokon yaye. Kifin da ake ci da kai da ƙashi da ido yana ba da kalsiyam da sinadarin ƙarfe fiye da tsokar babban kifi. A kan irin wannan aikin, na ƙananan kifi a Bangaladash, aka ba Shakuntala Thilsted babbar kyautar abinci ta duniya a 2021. Abin da kakanninmu ke ci don babu, yau shi ake ba mutum lambar yabo a kansa.

Banda kuma, wadda kowa ke roƙon mai zuwa daga gida ya taho da ita, ba na cewa a bari. Amma wadda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin tana ɗauke da sinadaran ƙonewa marasa kyau, wasu 'yan kasuwa kuma kan fesa maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa. A saya wajen wanda aka yarda da shi, a jiƙa a ruwan zafi, a ɓare baƙar fatar, kada kuma ta zama ita ce kifin yaro na kullum. Kifi mai gishiri irin kobi da momoni na Gana bai dace da jariri ba, tunda ɗan ƙasa da shekara ɗaya bai kamata gishirinsa ya kai giram ɗaya a yini ba.

Kifi da nono, da maganar ƙaya

Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda a haɗa kifi da nono a yini ɗaya, wai yana kawo kuturta. Na daɗe ina zaton mu kaɗai ke da wannan, sai na tarar wani shahararren likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya rubuta littafi sukutum a 1906 yana kafa hujja cewa cin lalataccen kifi ne ke kawo kuturta. Alhali tun 1873 Gerhard Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta, a garin Bergen ɗin nan da aka yi gwajin yara. Yaro zai iya cin kifi ya sha madara, babu abin da zai same shi.

Tsoron da ke da tushe shi ne ƙaya. Jariri na iya fara cin kifi tun yana wata shida, lokacin da aka fara ba shi abinci. A dafa ya nuna sosai, a marmasa da yatsu a lalube kowace ƙaya, a fara da ɗan kaɗan. Sadin na gwangwani ƙashinsa ya riga ya yi laushi, ana murje shi da cokali, sai dai a zaɓi wanda ba na ruwan gishiri ba. Wasu yaran jikinsu ba ya karɓar kifi. In aka ga ƙuraje sun feso, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko amai bayan an ci, a dakata a ga likita. In numfashi ya fara sarƙewa, a kira motar asibiti nan take.

Mu koma Bamingham. Kwana biyu bayan rigimarmu na ba Yaya haƙuri a kan yadda na yi mata magana. Na ce kada ta ɗauki tawa, ta tambayi ungozomarta a awo na gaba, har da maganar ayodin da bitamin D. Muka je tare. Matar ta ce mata titus da salmon da sadin duk ta ci, sau biyu a mako, ta kuma duba robar bitamin ɗin da Yaya ke sha ta nuna mata cewa babu ayodin a ciki, ta faɗa mata irin wadda za ta nema. A mota Yaya ta yi shiru, can ta ce, "Wata biyar fa, Auta. Ko na riga na cuci yaron nan?" Na ce mata a'a, binciken nan duk maganar ɗan bambanci ne a tsakanin dubban yara, ba hukunci ne a kan ɗa guda ba, kuma watannin da ƙwaƙwalwa ta fi jan DHA su ne ukun da ke gabanta, ga shayarwa na tafe.

Daren nan aka fito da titus daga firiza. Ɗan nata ya leƙa tukunya ya toshe hanci ya ce, "Anti, wari!" Ban yi masa dole ba. Washegari na marmasa ragowar na haɗa da dankali da ƙwai da 'yar albasa, na mulmula na soya, na ce masa ƙosan Yawuri ne. Ya ci uku. Da ya gane kifi ne ya yi fushi na minti biyar, sannan ya tambaya ko akwai saura. Masana abincin yara sun ce sabon abu sai an kawo wa yaro sau da yawa, wani lokacin har fiye da sau goma, kafin ya karɓa, kuma yaron da ke ganin iyayensa na ci ya fi saurin miƙa hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin in taho na rubuta wa Yaya sunaye uku na hani a 'yar takarda na manna a ƙofar firij, a ƙasa kuma na rubuta: Talata da Asabar, kifi. Jiya ta aiko mini da hoton miyar shawa, ta ce gishirin ya ɗan yi yawa amma yaron ya side kwano. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya mana zuri'a baki ɗaya.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan gishiri da hawan jini kamar yadda na alkawarta. Na bar ku lafiya.